Miyar da Luba Ta Daina Sa wa Mai

A Dudunni, in ka ji ƙamshin tuyar ƙuli-ƙuli da hantsi, gidan Luba ne. Tun tana amarya take matse gyaɗa tana kai mai kasuwar Kankia, amma na farkon matsa ba na sayarwa ba ne, na miyar mijinta Jaji ne. A wurinta miyar da mai bai taso samanta ba wulaƙanci ce. Ko fushi take da shi ba ta rage masa ko cokali.

Bara, ana tsakiyar girbin dawa, Jaji ya faɗi a gona. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace. A asibiti likita ya yi mata bayani dalla-dalla: kowace ƙwayar halitta a jikin mutum lulluɓe take da 'yar siririyar fata ta maiƙo, kuma maiƙon ba ya zama wuri ɗaya, jini na jigilarsa daga wannan zuwa waccan. Na Jaji ya yi yawa, ya taru a jijiya har ya toshe hanya. In aka ci gaba da cika masa mai, faɗuwa ta biyu ba lallai ya tashi ba.

Luba ba ta yi musu ba, ta san yadda mai ke ratsa ƙwarya ya fito ta baya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, hannunta ne ya zuba.

Sai ga yayar Jaji, Halimatu Sa'adiya, daga Mawashi da kwalbar man shanu, yadda ake kai wa mara lafiya ya yi ƙarfi. Ta leƙa kwanon miyarsa, ta ga ba ko ɗigon mai, ta tafa hannu.

"Luba, wanga mi ne? Ke mai sai da mai, ƙanena za ki yi ma rowa?"

"Yaya, likita ya hana."

"Likita aka ɗaura ma aure ko ke?"

Luba ta ɓoye kwalbar. Kafin Juma'a magana ta zagaye gari, wai ta ga miji ya kwanta ta juya masa baya. Mutane kuwa, ba su ɗauke masa bahaya ba, amma bakin magana kowa da nasa. Wannan duk ta shanye.

Ranar nan da azahar ta ajiye wa Jaji tuwo da miyar kuka marar mai. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ture shi da hannun hagu, ya ce da karkataccen bakinsa, "Luba, mi na yi maki?"

Hawaye suka zubo mata. Ta jawo kwanon, ta sake tura masa gabansa.