Ledar Daktor da Ful ɗin Hajja

Ya jama'a, yau na ga ilimi ya narke a kan takalmi!

Na je fatur, wato karin kumallo, wurin Hajja Kaltume mai ful, dafaffen waken nan, a bakin kasuwa. Sai ga wata lajna, kwamitin hukuma na mutum uku, gemu a gyare, tare da wani daktor riƙe da sabuwar leda. Wai da sitacin dawa da karan riɗi ya haɗa ta, in an yar da ita, ƙasa ta cinye. Shugabansu ya ce Hajja ta koma amfani da ita, ko a rufe mata rumfa.

Daktor ya cika ledar da busasshiyar dawa, ya ɗaga sama. Ba ta yage ba. Suka yi kabbara!

Hajja ta ce, "Ɗana, ka taɓa zuba mata abu mai zafi?"

Ya ce, "Ya Hajja, a Hartum fa aka gwada ta."

Ta kamfato ful daga tukunya ta zuba, ta bi da man riɗi. Leda ta yi laushi, ta miƙe kamar cingam, sai fash, a kan ƙafar shugaba! Bawan Allah ya yi tsallen da bai dace da gemunsa ba.

Daktor ya gyara tabarau. "Leda lafiyarta lau. Ful ɗin ne ya wuce ƙa'ida. A riƙa sayar da shi da sanyi."

Hajja ta jawo ragowar na jiya, ya daskare a kwano, ta tura gaban shugaba. "Bismillah, ya ustaz. Ka cinye, in karɓi ledarku."

Ya dubi kwano, ya dubi agogo, ya ce azahar ta gabato, suka yi gaba.

Ƙarfe goma da rabi na safe fa, jama'a!