'Ya'yan Babana Goma Sha Ɗaya

Ranar Asabar, a kasuwar Lewisham da ke nan London, wata mata ta ɓare lemu kusa da ni, ƙamshin ya mayar da ni gidajen malamai na kwalejin da na tashi. Duk ranar wasa Inna kan yanka lemu cike da daro, ni da ƙanwata muna kallo, ba mu da izinin taɓa ko ɓari ɗaya. Na yaran Baba ne.

Baba shi ne kocin ƙwallon kwalejin. Kada ka ɗauka mugun uba ne, ko tsawa bai cika yi mana ba. Amma idan ya ce "yarana", duk gidan mun san ba mu yake nufi ba. Da damina, in ciyawar fili ta yi kore shar, tun bayan la'asar muke rasa shi. Ya san wanda ƙafarsa ke ciwo, ya san wanda uwarsa ba ta da lafiya. Ni kuwa sai da ya tambayi Inna ajin da nake.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne golansu, wani dogo maraya. Shi kaɗai ke sa hannu a kwanon Baba. Nakan laɓe a bakin ƙofa ina kallon Baba yana tura masa tsokar nama gabansa. Ranar da na zo ta ɗaya a jarrabawa na ruga da takardata, na tarar yana ɗaure wa golan yatsa. Ya ce, "Madalla, uwata, ajiye can, zan duba." Da kaina na ɗauke ta bayan kwana uku, a inda na ajiye ta.

Da gwamnati ta ɗauke shi daga fili ta turo shi London ya kula da ɗalibai a ofishin jakadanci, murna na yi, na ce yanzu dai ya zama namu. Ashe yaran ƙaruwa za su yi. Ɗan gidanmu kullum cike da takalman baƙi. Wanda aka kora daga ɗaki, wanda takardunsa suka maƙale a ofishin shige da fice na Croydon, duk Baba ne zai sa kwat ya raka su. Har golan ya biyo mu, ya karanta likitanci.

Shi ne kuma a gefen gadon Baba a asibiti ranar da ya cika. Ni ina cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ban iso ba.

Bana tsofaffin 'yan wasan suka haɗu, an sa wa filin kwalejin sunan Baba. Likitan ya zo gidana da hotuna, kansa duk furfura. Yana shan shayi ya ce, "Hajiya, kin san Koci ba shi da zance sai naki? Ko a mota muke sai ya ce, 'yata ta fi ku duka kai. Ranar da kika gama digiri har kuka ya yi a ofis."

Na ce, "Kuka? A gabanka?"

Ya ce, "A gabana."

Ya zaci daɗi zan ji. Na yi murmushi na ƙara masa shayi. Wato har wannan ma shi aka ba. Shekara arba'in ina jiran kalmar nan, ashe tana wurin wani.

Na san alherin da Baba ya shuka, ina yi masa addu'a bayan kowace sallah, kuma ba na ƙin likitan. Yanzu 'yata ke buga wa makarantarsu ƙwallo, abin da a zamaninmu ba mai ko tunaninsa. Ina tsayawa a bakin fili cikin ruwa da sanyi, sauran iyaye suna yi wa kowa tafi. Ni ko sunayen abokan wasanta ban riƙe ba. Ita kaɗai nake kallo, kuma in mun shiga mota sai na faɗa mata da bakina cewa ina alfahari da ita.