Ranar da 'Yata Ta Ƙirga Numfashin Babanta

Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a unguwar Madain Fahd da ke Jidda tun da aka rushe unguwar Karantina. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi riƙe biro, amma a lokacin gani nake babu zazzaɓin da zai shigo gidana ya gagare ni. Maigidana direba ne. Wata shekara kafilinsa, wato ubangidan da yake wa tuƙi, ya tafi da shi Amurka, wani gidan gona da ya daɗe a rufe. Shi ya share ɗakin ajiyar kaya da tsintsiya, har ya turo mana bidiyo, ƙura na tashi, yana dariya wai ɓerayen can sun fi na Jidda samun abinci.

Da dawowarsa da kamar mako biyu sai zazzaɓi, da ciwon cinyoyi da baya. Na ce murar dawowa ce, irin wadda kowa ke yi idan ya sake shiga sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Na dafa masa citta da lemun tsami, na turara lubban, na lulluɓe shi. Babbar 'yata, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, ta ce a kai shi a duba. Na ce mata ni na yi jinyar ubanta tun ba a haife ta ba. Wannan maganar har yau tana ci na.

Rana ta huɗu da hantsi ya fara busasshen tari, in ya ɗauko magana sai ya huta kafin ya ƙarasa. 'Yar tawa ta zauna gefensa tana kallon agogo tana ƙirga numfashinsa. Ba ta ɗaga mini murya ba. Da Hausarta mai gauraye da Larabci ta ce halas Ummi, wato ya isa haka, in yafe mata, yau kam ba za ta bi maganata ba. Ta kama hannunsa ta ce yalla Baba, shi kuwa yana tsokanarta wai likitar gida ta koma 'yar sanda. A mota ya daina wasa.

A asibiti ita ce ta tuna da bidiyon, ta nuna wa likita. Nan take ya sa aka wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman. Daga baya ya bayyana mini cewa wata ƙwayar cuta ce, hantabairas, ana shaƙar ta a ƙurar busasshen kashi da fitsarin ɓerayen can. Tana sa ƙananan jijiyoyin jinin huhu yoyo, ruwa ya cika wurin iska, mutum ya nutse alhali yana kwance kan gadonsa, zuciya kuma ta gaza. Babu maganin da ke kashe ta, sai dai na'ura ta riƙe masa numfashi har jiki ya farfaɗo. Kafin la'asar an sa masa na'urar. Kwana tara yana kanta, yarinyar nan ba ta taɓa cewa ai ta faɗa mini ba. Ita ke tuna mini in ci abinci.

Allah ya tashi kafaɗarsa, alhamdulillahi. 'Yan uwana mata, kashin ɓera ba a share shi a bushe, a jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a goge da safar hannu. Wanda ya dawo daga tafiya da zazzaɓi, a gaya wa likita inda ya je da abin da ya taɓa. In kuma ɗanki ya fi ki sanin abu, ki saurare shi. Da 'yata ta yi mini biyayya ranar nan, da takaba na yi.