Akori-kura a Kan Yashi

Ni na ja birkin hannun nan. Da wannan zan fara, domin abin da ya sami hannun yayana daga nan ya taso.

Muna da tsohuwar akori-kura ni da shi, irin wadda mutanen Kwatano ke kira bashe. Da ita muke kai wa 'yan kasuwa albasa da wake daga Zongo zuwa bakin ruwa a Laji, wani lokaci mu ɗauko kwalaye daga kantunan Ganhi. Shi ne direba, ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Gusau da Sakkwato kafin mu gangaro. Lodi ne aikina, amma ya koya mini tuƙi.

Da aka aiko cewa mahaifinmu ya rasu, damina ta yi tsakiya. Ni na ajiye motar a layinmu, jikin katangar wata tsohuwa mai sayar da koko, wadda kowa ke kira Inna. Na ja birkin hannu iya ƙarfina, na kulle ƙofa, muka tafi. Ban san direbobin garin ba sa yin haka ba. In mota za ta daɗe a tsaye, giya suke sa mata su tokare ta da dutse, saboda iskar teku da ruwan da ke kwanciya a layi suna cin wayar birkin.

Wata biyu muka yi a gida. Da muka dawo, injin ya tashi bayan an sha wahala, amma motar ta ƙi motsi. Yaya ya sauke birkin hannu, sandar ta kwanta, tayoyin baya suka ci gaba da riƙewa. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya daɗe, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa.

"Tsatsa ta kama wayar a cikin kwanonta," in ji shi. "Wa ya ja birki?"

"Ni ne, Yaya."

Ya ce mu bari ƙasa ta sha iska kwana uku ko huɗu, sannan mu ɗaga ta.

Akwai wata takarda a maƙale jikin gilashin gaba, ruwa ya jiƙa ta ta bushe. A lokacin ban san baƙi ba, balle Faransanci. Na ninke ta na sa a aljihu. Shekarun juyin juya hali ne, kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, kowace unguwa da kwamitinta da shugabansa da ake kira delege. Tun da aka yi harbe-harbe wajen filin jirgi a Kajehun, duk abin da ya daɗe a tsaye ba mai shi, ana kallonsa da ido biyu. Mutum yakan fita da safe a tsayar da shi a shinge, iyalinsa su yi kwanaki suna tambaya ƙasa-ƙasa.

Sai ranar Asabar da safe wani akawu da ya zo shan koko ya karanta mana takardar. Kwamiti ya ba da wa'adi: motar ta bar layin kafin sha biyun ranar nan, in ba haka ba a ja ta, mai ita kuma ya je ya yi bayani. Mu baƙi ne. Ba wanda yake son zuwa yin bayani.

An yi ruwa da asuba. Yaya ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce in ɗauko jak.

Inna tana zaune gaban tukunyarta, ta ga ina share yashi da ƙafa a ƙarƙashin motar.

"'Ya'yan nan, me za ku yi?"

"Ɗaga ta za mu yi, Inna."

"A nan? Ku 'yan Najeriya kun ɗauka ko'ina jar ƙasa ce irin taku. A layin nan aka yanke mini cibi. Tona kamu ɗaya ka gani in ba ruwa za ka tarar ba."

Yaya ya yi dariya. "Inna, ke riƙe ludayinki, ki bar mana sufana. Na ɗaga tirela a Talata Mafara."

"Can ka ɗaga," ta ce. "Ni dai na faɗa."

Mun nemi katako mai kauri ba mu samu ba. Murfin wani tsohon akwati muka shimfiɗa, muka ɗora jak a kai. Na tokare tayoyin gaba da gutsattsarin bulo. Muka ɗaga ɓangaren dama na baya, muka cire tayar, na jingine ta da katanga. Tayar hagu tana ƙasa, birki ya riƙe ta gam. Yaya ya cire rigarsa ya ba ni, ya shimfiɗa buhu, ya zame ƙarƙashin motar da sufana da ƙaramar guduma da gwangwanin kananzir gauraye da baƙin mai.

Aikin na haƙuri ne. A ɗiga mai a bakin kwanon wayar, a jira ya shiga, a bubbuga kaɗan-kaɗan, a ja, a sake ɗigawa. Ina tsugune ina miƙa masa abin da ya ce. Ƙafafunsa kawai nake gani. Daga can bakin titi ana jin lasifikar kwamiti tana kiran mutane shara, murya ta matso, ta yi nisa, ta sake matsowa.

Wajen ƙarfe goma na lura da murfin akwatin. Gefensa ɗaya ya shige yashi, kuma yashin da ke kewaye da shi ya yi duhu, yana ƙyalli.

"Yaya, katakon yana nutsewa."

"Nawa?"

"Kamar kaurin yatsa."

"Bar shi. Miƙo mai."

Na miƙa. Da shekara tara ya girme ni. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, kuma yanzu da mahaifinmu ya tafi shi ne uba. Ban taɓa maimaita masa magana sau biyu a jere ba. Na jira, ina kallon wurin. Ruwa ya fito sosai, ya yi ɗan zobe a gindin katakon, wata ƙaramar tururuwa tana zagaye shi tana neman hanya. Jak ɗin ya daina tsayuwa daidai. Kansa ya karkata wajen baya.

"Yaya, da ka fito mu gyara zaman jak."

"Kai, ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya ta kusa."

"To ka ji. Wayar ta fara motsi a hannuna. In na fito yanzu, sai mu sauke mu sake ɗagawa, su zo su same mu muna wasa da yashi."

Tayar da muka cire tana jingine da katanga, taku uku daga inda nake. Da na kwantar da ita na tura ƙarƙashin ƙarfen motar, da ta tare. Na yi tunanin haka. Amma kafin in yi haka dole sai na ce masa ya matsa, shi kuma ya riga ya ce a bar shi. Na miƙe na dafa bodin motar da hannu biyu, kamar hakan zai yi wani abu.

A haka delege ya shigo layin da mutum biyu masu jan ƙyalle a damtse. Ɗan Zongo ne, ya yi makaranta, yana aiki a wani ofis a Ganhi. Bai kai ni shekaru ba.

"Kamarad, kai ne mai motar?"

"Mu ne, ranka ya daɗe."

"Ba a cewa haka yanzu. Ina takardunta?"

"Ka bar su su gama mana," Inna ta ce masa. "Kai da na goya, yau kai ne mai tsaya wa mutane a ka?"

"Inna, aiki nake yi."

Takardun suna cikin mota, a gaba. Na saki bodin na nufi ƙofa. A daidai lokacin na ji wata ƙara daga ƙasa, tas, sai muryar Yaya cike da murna: "Ta saki!"

Ba wanda ya yi tunani a cikinmu cewa birkin da muke ta fama mu kwance shi ne kaɗai ke riƙe da motar. Da wayar ta saki, tayar hagu ta sami hanya. Motar ta ja baya kaɗan, a hankali, bulon gaba ya bi yashi, jak ya kwanta. Ba ta yi wata babbar ƙara ba. Zama kawai ta yi.

Ƙafafun Yaya suka miƙe, suka tsaya.

Inna ce ta yi kururuwa. Mutanen da ke zaune ƙofar masallaci suka taso, masu shara suka yar da tsintsiya. Delege ya jefar da littafinsa ya kama bodi kusa da ni, mutanensa biyu suka kama. Muka ɗaga, ƙafafunmu suna shigewa cikin yashi, ta tashi kaɗan ta koma. Na ji nishin Yaya. Wani dattijo ya ce kowa ya tsaya, a kama tare, ya ƙirga. Da ya kai uku muka ce ya Allah, ta tashi. Wasu suka jawo Yaya ta ƙafa.

Idonsa a buɗe yake. Kafaɗarsa ta dama ba ta inda ya kamata ta kasance, sufana tana cikin hannun har yanzu.

Ba a sake taɓa jak ba. Mutane suka riƙe motar a sama har na mayar da tayar, na ɗaure. Muka kwantar da shi a baya kan tsofaffin buhunan da muke zuba albasa. Na tayar, ta tafi sumul. Delege ya zauna kusa da ni a gaba, kuma a shingen farko da na biyu shi ya leƙa ya yi magana aka ɗage mana. Har asibiti bai tambaye ni takarda ba.

Yaya ya yi sati biyar a kwance. Ƙashin ya haɗe, amma bai sake riƙe sitiyari ba. Ni na ci gaba da jan motar, shi ya koma zama a rumfar albasa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko a ranar da rai ya ɓaci, ni ma ban iya tayar da ita ba. A masallaci kusa da shi nake tsayawa, ta damansa. In liman ya yi kabbara, hannunsa na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji.