Wake kafin a wanke bututu

Shekara tara ina sayar da wake da shayi a bakin gine-ginen Omdurman ta Sudan, duk inda aka kai famfon kankaren da maigidana ke tuƙawa. Daga unguwar Mayo muke fitowa tare, shi da guduma, ni da tukunya. Yatsunsa takwas ne, biyu bututun ya cinye tun kafin in san shi. Na rantse ba zai ƙara ba shi ko farce ba.

Mutanen nan kuwa ba sa wasa da fatur, karin kumallon hantsi. Da na buɗe tukunya sai kowa ya yar da abin da ke hannunsa. Ranar da nake faɗa, bene na uku ake zubawa, suka kashe inji da kankare cike da bututu, suka zagaye kwano. Ranar Omdurman kuma ba ta jiran mai cin wake. Kafin su lashe hannu abu ya fara daskarewa.

Aka tayar da inji, ya yi nishi, ba abin da ya fito. Maigida ya bi bututun yana ƙwanƙwasawa har ya ji inda ya toshe, ya durƙusa da fuskarsa a kan maɗaurin ƙarfen da ke haɗa gaɓoɓin bututun.

Na ce, "Malam, ka sauke iskar da ke ciki?"

Ya ce, "Hajja, koma kan wakenki. Yaushe kika zama injiniya?"

"Ranar da ka fara ƙirga goma kana tsayawa a takwas!"

Leburori suka fashe da dariya. Kunya ta sa ya ɗaga guduma. Ban tsaya shawara ba, na cafki ɗamararsa ta baya na fizge shi kamar buhun gawayi. Gudumar ta riga ta sauka. Maɗaurin ya ɓalle, kankare ya yi tsartuwa daidai inda kansa yake ɗazu, ya tsallake titi ya yi wa jakin mai ruwa wanka.

Yana zaune a ƙasa, ya shafa fuska, ya ce, "Kin yage mini wando a gaban mutane."

Washegari na ɗaure murfin tukunya da igiya na zauna a kai. Na ce ba mai ɗanɗana wake sai na ga ruwa fari na fita daga bakin bututu. Suka zage ni da Larabci, na rama da Hausa. Maigida ne ya fara ɗaukar bokiti.