Yaya Lawali da makunnin da ya ƙi murɗawa

Daminar bana ta cika shekara talatin da rasuwar Yaya Lawali. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, yau kuma duk ɗakin ni kaɗai na rage. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ba na lakwal ba, wato makarantar boko, don haka a yi haƙuri da ni in na yi zagaye, mu 'yan zaman gida haka muke ba da labari. Wani nauyi nake ɗauke da shi game da sunansa, ina so in sauke kafin in bi shi.

Ana saura 'yan shekaru a samu 'yanci, wasu Faransawa biyu suka zo garinmu Madarunfa da kamiyo, babbar motar kaya, suka kafa tanti a bakin tafki. Suka ce wasu abubuwa suke ƙirgawa masu saukowa daga sama, waɗanda ido ba ya gani. Tsofaffinmu suka ce Allah ya ba da sa'a, mu dai ruwa muke jira daga can. Kayan aikinsu bututun ƙarfe ne a jere, da wani akwati mai ba su kuran, wato wutar lantarki, mai ƙarfin gaske. Duk lokacin da abin saman ya ratsa bututu sai ka ji ƙas.

Yaya ya taɓa aikin injin kuran a Maraɗi, shi ya sa suka ɗauke shi. Kowace safiya shi ke tada kuran ɗin. Ya murɗa makunni kaɗan, ya tsaya, ya dubi allurar ma'aunin kuran ɗin, ya kara kunne jikin akwatin, sa'an nan ya ƙara. Yakan ce mana kamar ɗora wa jaki kaya ne, ka ɗora ɗaya, ka ga tsayuwarsa, kafin ka ɗora na biyu. Har sun yi masa alkawarin tafiya da shi Yamai in sun tashi. Innarmu ba ta da zance sai wannan.

Wata safiya bayan ruwa mai yawa, ina wanki a bayan tantin, lokacin ban fi shekara goma sha biyu ba, na ji ƙaramin Bafaranshen, wanda muke ce wa Jan Kunne, yana ɗaga murya da gurguwar Hausarsa.

"Lawali, murɗa!"

Yaya ya amsa da kiran girmamawa na Faransawa, "Mushe, akwatin ya sha laima. Ina jin yana huci. Sai ya bushe."

Sau uku ana haka. A na ukun Jan Kunne ya ture hannunsa, ya murɗa da kansa har ƙarshe. Na toshe kunne ina jiran tsawa. Shiru. Can sai ƙas, ƙas, aiki ya kama lafiya lau. A ranar aka sallami Yaya, zancen Yamai ya bi ruwa.

To ga inda nawa laifin yake. Allah ya yi ni da kunne da baki, duk muryar da na ji sau ɗaya sai in kwaikwaya. Na ruga gida na tarar da mata a bakin turmi, na yi musu Jan Kunne, na yi musu Yaya, har da langaɓe kai. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Kafin la'asar sunan ya kai kasuwa. Magana zarar bunu ce. Daga ranar Lawali ya zama Sai-ya-bushe, duk wanda ya yi jinkirin tsallake gulbi sai a ce da shi, kai ma ɗan gidan Sai-ya-bushe ne? Ana nufin matsoraci. Faransawan suka tattara kafin kaka ba wanda ya san dalili, sunan kuwa ya zauna daram.

Ya koma gero da gyaɗa, ya yi aure, ya haifi bakwai. Bai taɓa kare kansa ba, ban kuma taɓa ganin ya ɗaure mini fuska ba. Sau ɗaya tak, muna ɓarar gyaɗa, ya ce, "Auta, bakinki ya fi kuran sauri." Ya yi murmushi ya ci gaba da ɓara. Ni kuwa har cikin raina na ɗauka tsoro ne ya kama shi ranar. Da wannan zato aka binne shi.

Jikarsa Ramatu, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, yanzu tana Turai tana aiki a wani wurin binciken kimiyyar fizik. Watan jiya ta kira ni ta salula, irin kiran da ake ganin juna, ta juya ta nuna mini ordinatar ɗinta, wato kwamfuta. Allo cike da 'yan gidaje, wasu kore, wasu rawaya. Ta ce kowane gida layin kuran ne mai zuwa na'urorin da ke kama irin abubuwan nan da ido ba ya gani. Ba ta murɗa komai. Takan rubuta inda take so kuran ya kai, ordinatar ya hau da shi mataki mataki, yana tsayawa yana dubawa. Na ce ashe gado kika yi, na ba ta labarin kakanta don mu yi dariya. Ba ta yi ba.

"Kaka, maimaita. Laima ya ce?"

Na maimaita. Ta ce su ma suna da abin auna laima, in ta wuce iyaka ordinatar ba ya yarda kuran ya hau, ko babban shugabansu ne ya zo sai ya ja kujera ya jira. Na ce ai Nasaran ya murɗa ba abin da ya faru, 'yar nan, da idona na gani. Ta ce sa'a ya ci, ana iya yi yau a tsira, a yi gobe tartsatsi ya ƙone aikin shekaru. Hucin nan da kakanta ya ji, in ji ta, kuran ne ke neman hanyar tsalle.

Na ajiye salula. Tun ranar nake ta tunanin me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai fara da tambayar ina kunnen abin, don ba zai yarda da mai tsaron kuran da ba ya jin akwatinsa ba. Zai tsokani Ramatu cewa aikin zaune take ci. Amma ina jin zai ji daɗi ƙwarai a ce an yi mai tsaro da ba a iya ture hannunsa.

Ni da ƙofar gida ma sai da dalili nake leƙawa, na hau amalanken jaki har Safo wurin matarsa, Yaya Hajo, da ke zaune gidan ɗanta. Na zayyana mata duka, ina hawaye, na ce ta yafe mini a madadinsa. Ta bar ni na gama, ta gyara zama.

"Ke dai Auta ba ki canza ba. Ni da wannan suna na aure shi, na kuma san ba matsoraci na aura ba. Ke ce kika zauna jiran Turai ta gaya miki."

Bai bar gidan siminti ba, ko hoto ɗaya ba mu da shi. Ya bar 'ya'ya da ba a ingiza su, da jika wadda aka damƙa wa amanar kuran a ƙasar mutane. Gaskiyarsa kuma ta jira shekara sittin da ɗoriya ba ta lalace ba. Mutanen Madarunfa da kuka ji sunan nan daga bakina, yau ga gyara daga bakin nan dai: yayana ya san aikinsa, ni ce ban san abin da na ji ba. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya sa ka yafe wa autarka tun kafin ta roƙa.