Lambobi Shida da Mahaifiyar Salim Ta Karanto

Kafin in shiga gidan yari, ni mutum ne mai tsari. Mahaifina ma'aikacin asibitin dabbobi ne a ƙasar Katsina, kuma a gidanmu ko cokali yana da wurin ajiyarsa. Har na bar gida ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. Na fara da wannan ne don kada wani matashi ya ce ɓarawo da halinsa ake haihuwarsa. Ni a hankali na koya, mataki bayan mataki, kuma a jere zan faɗa muku su.

Na je Alƙahira karatun addini da tallafin gwamnati. Na faɗi jarrabawa sau biyu, aka yanke tallafin. Kunya ta hana ni komawa gida. Na tare a wani ɗaki a unguwar Hayyin Ashir tare da wasu 'yan Nijar, na shiga neman aiki, har na samu a unguwar Mohandessin wajen wani dattijo Ba'indiye mai sayar da kayan gyaran injinan masaƙa. Aikina jera takardu. A wata guda na gyara masa ofishin da ya shekara goma a hargitse, kuma har yau ina alfahari da wannan.

A wurinsa na san cewa mutanen Indiya suna da kati biyu masu muhimmanci: na lambar haraji, da na shaidar ɗan ƙasa. Gwamnatinsu ta ce a haɗa lambobin biyu, wanda bai haɗa ba lambar harajinsa ta daina aiki, banki ya soma ba shi wahala. Maigidana ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce mazauna ƙasashen waje irinsu ba a tilasta musu haɗawar ba. Abin da ake so kawai su sanar da ofishin haraji cewa a waje suke zaune, su nuna fasfo. Amma ƙananan ma'aikata, masu dafa abinci da masu gyaran inji, ba su san haka ba. Saƙonnin tsoratarwa ne kawai ke yawo a wayoyinsu. Sai suka riƙa zuwa ofishinmu, maigida yana turo su teburina.

Da farko kyauta nake yi musu. Daga nan wani ya ajiye mini ɗan goro, na karɓa. Bayan haka na sa farashi, ba da sanin maigida ba. Mataki na huɗu shi ne ƙarya: na daina gaya musu cewa dokar ta sassauta wa mazauna waje, na koma cewa kwana kaɗan ya rage a rufe musu komai. Mai tsoro ba ya ciniki.

Mataki na biyar wani mutum ne ya kawo shi, wanda ake kira Dokta, ko da yake ban taɓa ganin ya duba marar lafiya ba. Ya same ni a shagon shayi, ya ce: "Kai kana zaune a kan rijiya kana sayar da raɓa." Abin da yake so hotunan katunan ne, da lambobi shida da ake turowa ta waya don tabbatar da mai katin. Da su abokansa na can Indiya za su buɗe asusun banki da sunan mutum. Na ce zan yi tunani. Tunanin bai kai sallar la'asar ba.

Akwai wata al'ada ta mutanen nan da ta sauƙaƙa mini aiki. Idan za su baro ƙasarsu, da yawa sukan bar tsohon layin wayarsu a gida wajen uwa ko mata, don kada a rufe shi. To lambobin nan shida can suke zuwa. Dole a kira gida a karanto.

Haka aka yi da Salim, wani mai dafa abinci a gidan cin abincin Indiyawa. Musulmi ne, mai fara'a, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Da Larabcin kasuwa muke magana. Duk zuwansa sai ya riƙo mini shinkafa a roba, ya ce: "Ustaz, ci ka yi ƙiba, kada 'yan gidanku su ce Masar ta cinye ka." Ran da ya kawo katunansa, na ɗauki hotonsu na tura wa Dokta, sannan na ce ya kira gida. Mahaifiyarsa ce ta ɗauka, ya buɗe muryar muna ji. Ta daɗe tana neman tabarau. Sannan ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya da yarensu, Salim yana fassara mini, ni kuma ina rubuta wa Dokta a ƙarƙashin tebur. Da ta gama sai ta yi wata doguwar magana. Salim ya yi dariya.

"Me ta ce?"

"Ta ce Allah ya ba ka mata ta gari. In kuma kana da ita, ya ba ta haƙurin zama da mai son takarda."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Bayan wata bakwai Salim ya shigo ofis ba roba a hannunsa. Ya ce 'yan sanda sun je gidansu can Indiya. An damfari mutane, kuɗin ya bi ta wani asusu mai sunansa. Lauya ya ce in ya sauka a filin jirgi kama shi za a yi. Ga shi an sa ranar auren 'yarsa ta fari, shi ne waliyyi, kuma dangin mijin sun fara tambaya ko gidan ɓarayi za su shiga. Ya ajiye katunansa a gabana ya ce: "Ustaz, kai ka san takardu. Duba mini inda na yi kuskure."

Na ce ya ba ni kwana uku.

Na kira Dokta. Ya ce: "Ƙona duk abin da ke hannunka, khalas, shi ke nan. Zan sama maka mota zuwa kudu. Mai dafa shinkafa ne fa, wa zai saurare shi?" Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai saurare shi. Ba wanda ya san hannuna a ciki. Amma ni na san cewa abin da zai wanke Salim yana cikin jakata, domin ban iya aiki ba tsari ba, ko da aikin banza ne. Kowane mutum da fayil ɗinsa, da ranar da ya zo, da saƙon da na tura, da lambar da na tura wa.

A rana ta uku na yi abubuwa uku da safe, kuma a cikin duk rayuwata ba ranar da nake ɗaga kai in na tuna ta kamar wannan. Na fara da maigida. Ya cire tabaransa ya dube ni, ya ce: "A kan teburina?" Na ce a kan teburinka. Daga nan na tafi wurin Salim, na same shi yana yanka albasa, na gaya masa komai a tsaye. Bai zage ni ba. Ya ajiye wuƙar, ya goge hannunsa, ya ce: "Tsohuwar nan sai da ta tashi daga kan sallaya ta nemo tabarau saboda kai." Sannan ya juya mini baya. Na uku, na ɗauki jakata na tafi ofishin 'yan sanda.

Jami'in da na samu ya buɗe fayil na farko, ya buɗe na biyu, ya dube ni.

"Kai ka kawo ƙara, ko kai ake ƙara?"

Na ce: "Duka biyun, ya basha," wato ranka ya daɗe.

Ya kira abokin aikinsa ya ce: "Zo ka ga ɓarawon da ya fi magatakardanmu iya aiki."

An yanke mini shekara uku. Ba zan ƙawata muku gidan yari ba. Cunkoso ne, da ƙaiƙayi, da kwana a gefe ɗaya don ba wurin juyawa, ga baƙunta. Mahaifina ya rasu ina ciki, kuma ya rasu ya san inda nake. Wannan ba ya gyaruwa. Amma a gaban alƙali ban rage ko harafi ba, ban kuma ɗora wa talauci laifi ba, domin lokacin da na fara ina da albashi, ina cin abinci sau uku. An kama biyu daga mutanen Dokta. Shi kansa ya tsere.

Maigida ya ziyarce ni sau ɗaya. Ya ce an fassara hukuncin kotu da bayanina, an buga hatimi, an aika wa lauyan Salim da na sauran mutanen. An ɗage auren wata biyar, amma an ɗaura, kuma Salim ne ya ba da 'yarsa da bakinsa, a garinsu, a gaban jama'a. Na tambaya ko ya aiko da wani saƙo. Ya ce a'a. Ban ji haushi ba. Ba gaisuwarsa na je nema ba, sunansa na je mayar masa, kuma ya koma.

Da na gama wa'adina aka sa ni a jirgi zuwa gida. Na tuba ga Allah, na nemi gafarar mahaifiyata. Yanzu ina da ɗan shago a bakin kasuwa, ina cike wa mutane takardu, domin mu ma nan an ce a haɗa lambar ɗan ƙasa da layin waya da asusun banki. Tsofaffi na zuwa da katunansu a ƙulle cikin leda, su miƙa wa yaran da ba su sani ba.

Ku matasa masu irin wannan aiki, da ku nake. Ku faɗa wa mutum dokar yadda take, har da sassaucin da ke cikinta, ko da hakan zai hana ku ciniki. Kada ku ajiye hoton katin kowa. In wani ya zo yana sayen lambobin mutane, ku tashi ku bar masa shayin. Katin nan ba roba ba ce, mutum ne sukutum, da uwarsa da 'ya'yansa.

A shagona, idan lambobi shida suka shigo wayar mutum, tura masa na'urar nake yi ya danna da hannunsa, ni kuma in juya in fuskanci bango. Wasu na dariya, su ce Malam ai mun yarda da kai. Nakan ce musu an taɓa yarda da ni.